Ciwon Limoniya Mai Tsanani: Alamominsa, Maganinsa Da Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin jin daɗin jama'a, ɗan kasuwa a Kasuwar Wunti, ya gabatar a taron ƙungiya na shigowar hunturu a nan Bauchi. Mun buga shi kamar yadda ya gabatar da shi domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya ara mana rai da lafiya har muka ga wannan zama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, Allah ya gafarta malam limaminmu, masu unguwanni, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa da samarinmu, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Kwamiti ya ɗora mini nauyin yin magana a kan ciwon limoniya, wanda wasu ke cewa nimoniya, iyayenmu kuma suke kira sanyin haƙarƙari. Kun san ni ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne. Saboda haka kafin in tsaya gabanku sai da na zauna da 'ya'yanmu da ke aikin asibiti, likitoci da nas-nas, na yi ta tambaya har na gane, sannan na rubuta. Abin da na fito da shi daga wannan zama magana ɗaya ce: mafi yawan waɗanda limoniya ke kashewa, jinkiri ne ke taimaka mata. Ciwo ne mai magani, kuma alamomin tsananinsa ana iya gane su a ɗaki da ido da agogo. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya koma gida da shi.

Mu nan iyayenmu da kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Zazzau da Daura da Haɗeja da Sakkwato, suka zo garin Yakubu neman halaliyarsu, suka zauna. Wanda ke zaune nesa da dangi, idan ciwo ya kayar da shi da tsakar dare, maƙwabcinsa da ɗan ƙungiyarsa su ne danginsa. Shi ya sa wannan magana ta shafi ƙungiya kai tsaye.

MENE NE LIMONIYA?

Jama'a, huhun mutum kamar soso yake. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin aljihuna na iska, ɗaruruwan miliyoyi. Duk numfashin da ka ja, iska na shiga waɗannan aljihuna, jini ya ɗebi sinadarin oksijin daga ciki ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da sauran jiki. To idan ƙwayar cuta ta sauka cikin huhu, sai aljihunan nan su kumbura, su cika da ruwa da mugunya. Iska ta zo ta rasa wurin shiga. Mutum yana ta haki, amma jininsa na jin yunwar iska. Wannan ita ce limoniya.

Abin da ya fi kawo ta wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira nimokokas. Akwai wasu bakteriyan kuma, akwai ƙwayoyin bairos irin na mura mai tsanani da na korona. Sau da yawa mura ce ke buɗe ƙofa, bakteriya ta biyo baya. Ana ɗaukar su ta tari da atishawa, a gida ko a kasuwa ko cikin mota. Likitoci suna bambanta wadda mutum ya ɗauka a cikin gari da wadda ta kama shi yana kwance a asibiti, domin maganinsu ya sha bamban. Ta cikin gari ita ce maganarmu yau.

Iyayenmu da suka ce sanyi ne, sun lura da wani abu na gaskiya. Sanyi da kansa ba ya zama ƙwayar cuta, amma da hunturu ƙura na busar da hanci da maƙogwaro, mura na yawaita, mutane na cunkushewa a ɗaki guda an toshe taga, ga hayaƙin itace da na gawayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada kuma wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a duniya, wato kashi 14 cikin 100 na dukan yaran da suka rasu a waɗannan shekaru. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya ta rasa yara kimanin 162,000 ta wannan ciwo, kuma babu ƙasar da ta kai mu a waccan shekara. Dalilin irin wannan ɓarna ne aka keɓe ranar 12 ga Nuwamba ta kowace shekara domin tunatar da duniya. Dattawanmu sun ji labarin marisuwa ta 1918 a bakin kakanninsu. Da yawa daga waɗanda ta kwashe, limoniyar da ta biyo bayan murar ce ta ƙarasa su. Mu kuma da idonmu mun ga korona, wadda ta ɓulla a jihar nan cikin watan Maris na 2020, lokacin da gwajin Gwamna Bala Mohammed ya nuna ya kamu. A waccan shekara ne da yawanmu suka fara sanin darajar tukunyar oksijin.

WA TA FI KAYARWA?

Kowa na iya kamuwa, har ƙaton da ke dakon buhu a Muda Lawal. Amma akwai waɗanda idan ta kama su ba ta wasa: jarirai da yara ƙanana, musamman masu tamowa ko waɗanda ba a yi wa rigakafi ba ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda; dattawa daga shekara 65 zuwa sama; masu ciwon suga, da ciwon zuciya, da ciwon ƙoda ko hanta; masu sikila; masu ɗauke da cutar ƙanjamau; masu asma; mata masu juna biyu; da mashaya taba. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, yana yawan ƙwarewa idan yana cin abinci, shi ma a sa masa ido, domin abinci kan zarce huhu ya haifar da ciwon. In kana da ɗaya daga cikin waɗannan a gidanka, tarinsa da zazzaɓinsa ba irin na kowa ba ne.

YADDA ZA KA GANE TA A GIDA

Alamominta na farko su ne zazzaɓi, wani lokaci da rawar ɗari, da tari mai kaki, kakin ya zama ruwan ɗorawa ko kore ko mai launin tsatsa, da suka a gefen ƙirji idan an ja numfashi ko an yi tari, da saurin numfashi. A nan ne ake yawan ruɗewa, domin mu duk zazzaɓi na cizon sauro ne a wurinmu. Sai a sha maganin maleriya kwana 3, ba sauƙi, a ce taifot ce, a ƙara wasu kwanaki. Alhali kuwa ciwon na can yana cin huhu.

Abin da ke raba gardama shi ne ƙirga numfashi. Iyayenmu mata, ku saurara da kyau, domin ku ne kuke kwana da yaran nan. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan mama. A ɗaga masa riga. A dubi agogo ko wayar hannu. Ɗagawar ciki da saukarsa shi ne ɗaya. A ƙirga har minti ɗaya cur, kada a yi rabi a ninka. Jariri da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ko ya wuce, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40. Yaro mai tari ko zazzaɓi da ya kai waɗannan lambobi, a ran nan za a kai shi asibiti. Sittin, hamsin, arba'in. Wanda ke riƙe farashin kaya iri ɗari a kansa ba zai kasa riƙe lamba uku ba.

Sai kuma a dubi ƙasan haƙarƙarinsa. Yaro lafiyayye idan ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke tasowa. In ka ga ƙasan ƙirjin na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, huhun ya yi nauyi ke nan. Idan kuma aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya kasa shan mama ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, yana gurnani ko nishi da kowane numfashi, ko leɓensa da harshensa sun yi duhu-duhu kamar shuɗi, to wannan ba a jira gari ya waye. Ko ƙarfe biyun dare ne a buga ƙofar mai mota.

Ga manya kuma, likitocin Ingila sun fito da wani ma'auni a 2003 wanda asibitoci da dama ke aiki da shi, suna kiransa CURB-65. Abu biyar ake dubawa, kowane maki ɗaya. Na farko, ruɗewa: mutum ya fara sambatu, ko bai san inda yake ba, ko bai gane 'ya'yansa ba. Na biyu, gwajin jini da ke nuna ƙoda ta fara gajiya. Na uku, numfashi 30 ko fiye a minti ɗaya. Na huɗu, awon jini ya faɗi, na sama ya gaza 90 ko na ƙasa ya sauka 60. Na biyar, shekara 65 ko fiye. Mai maki 2 yawanci a kan ba shi gado. Mai maki 3 zuwa sama, ciwonsa mai tsanani ne, ransa na cikin haɗari. Ku lura, uku daga cikin biyar ɗin nan, wato ruɗewa da numfashi da shekaru, ba sa bukatar wata na'ura. Kai da kanka za ka iya gani.

Ina roƙon a riƙe maganar ruɗewar nan game da dattawa. Tsoho na iya kamuwa da limoniya mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, tarin ma kaɗan. Abin da za a gani kawai ya daina cin abinci, yana yawan barci, ko ya faɗi a banɗaki, ko ya fara magana ba kan gado. Sai a ce tsufa ne, ko a ce iska ce ta taɓa shi. A ƙirga numfashinsa tukuna kafin a yanke hukunci.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa, ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, tana nuna yawan oksijin da ke cikin jini. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano hikimarta a shekarun 1970. Lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa 100. Ƙasa da 90, mutum na bukatar a sa masa oksijin ba tare da ɓata lokaci ba. Sai dai a yi hattara: yatsa mai sanyi, ko jan farce, ko lalle mai duhu, na iya sa ta yi kuskure. Har ila yau wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa a jikin baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiyar abin da ke cikin jini. Saboda haka mu, in ta nuna 92 ko ƙasa ga mai tari da haki, a kama hanya. In kuma ta nuna lamba mai kyau amma mutum na fama da numfashi, a yarda da ido, a tafi.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Da yawanmu tsoron asibiti muke yi saboda ba mu san me za a yi mana ba. To ga shi. Likita zai yi tambayoyi, ya auna zafin jiki da bugun zuciya da awon jini da oksijin, ya sa abin sauraro a ƙirji da baya. Huhun da ya cika da ruwa yana da ƙarar da yake yi. Sannan a ɗauki hoton ƙirji, inda ciwon yake ya fito fari. Za a ɗebi jini a duba ƙoda da suga da yawan jini. Za a iya karɓar kaki a duba irin ƙwayar cutar. Za a yi gwajin maleriya, amma ku sani ko ya nuna akwai, wannan bai kore limoniya ba. Mutum ɗaya na iya ɗaukar kaya biyu. In likita ya nemi a yi gwajin ƙanjamau, kada a ɗauka zargi ne. Sanin hakan na canza irin maganin da za a bayar. In kuma tarin ya kai mako 2, ko da rama da gumin dare ko jini a kaki, za a duba tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Kuma da yake jiharmu na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, zazzaɓin da ya ƙi jin magani dalili ne na daban na zuwa wurin masana.

Maganin mai tsanani ƙafa uku gare shi kamar murhu. Ta farko oksijin, ta 'yar roba a hanci ko abin rufe fuska. Ina jin wasu na cewa wai in an sa wa mutum oksijin to ya gama. Jama'a, abin da ke faruwa shi ne ana kai mutane a makare, sai a ga an sa musu sun cika, a ɗora wa oksijin laifi. Oksijin ita ce ke riƙe mutum kafin magani ya kama aiki. Kada wani ya hana a sa wa ɗan'uwansa, kada kuma a cire don za a ba shi abinci ko don baƙi sun zo dubiya.

Ta biyu maganin kashe bakteriya, wato antibayotik, ta allurar jijiya, kuma a fara shi da wuri, cikin sa'o'in farko na isowa. Ga manya yawanci a kan haɗa biyu, kamar seftiriyazon da azitiromaisin, domin a rufe ƙofofin ƙwayoyi daban-daban. Ga yara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ampisilin da jentamaisin idan ciwon ya yi tsanani, wanda bai yi tsanani ba kuma amoksisilin mai narkewa a ruwa. Ban faɗi sunayen nan don wani ya je kemis ya saya ba. Na faɗe su ne don in ka ga an rubuta maka ka san ana kan hanya, ka yi hanzarin kawowa.

Ta uku ita ce tallafa wa jiki: ƙarin ruwa daidai gwargwado, saukar da zazzaɓi, daidaita suga, abinci, ƙarin jini ga wanda ya yi ƙasa. Wanda huhunsa ya gaza ko awon jininsa ya ƙi tashi, sai a kai shi sashen kulawa ta musamman, inda na'ura za ta taya shi numfashi. A nan ilimi na ci gaba. A 2023 likitocin Faransa sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a kan marasa lafiya kusan 800 da ke irin wannan sashe: waɗanda aka ƙara wa allurar haidirokotizon, kimanin 6 cikin 100 suka rasu a cikin kwana 28, waɗanda ba a ba su ba kuwa kusan 12 cikin 100. Amma wannan hukuncin likita ne a kan mai kwance a gabansa. Irin wannan magani in aka sha shi barkatai yana tayar da suga, yana raunana garkuwar jiki.

Galibi a kan fara ganin sauƙi cikin kwana 2 zuwa 3. In an samu, sai a mayar da allura ƙwaya, a cika kwana 5 zuwa 7 ko yadda likita ya tsara. In ba a samu ba, likita zai sake bincike: ko mugunya ta taru a gefen huhu, wadda sai an sa roba an zuƙe, ko tarin fuka ne, ko ƙwayar ta fi ƙarfin maganin. A daidai wannan gaɓa ne dangi kan ce asibiti ya gaza, a sa hannu a ɗauke mara lafiya a koma gida. Don Allah kafin a yi haka a zauna da likita a tambaye shi, a kuma sanar da ƙungiya.

Bayan sallama, zazzaɓi kan tafi cikin mako guda, tari da nauyin ƙirji kan ɗauki mako 4 zuwa 6, kasala kuwa har wata 3 tana iya kaiwa. Ɗan'uwana ɗan kasuwa, kada ka fito ranar Talata ka ce Laraba za ka hau mota zuwa Kantin Kwari saro kaya. A koma ranar da likita ya sa, musamman dattijo da mai shan taba, domin wani lokaci a kan sake hoto a tabbatar babu wani abu da ya ɓuya a bayan ciwon.

Mu a Bauchi Allah ya rufa mana asiri da wuraren zuwa. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a da shi ne Asibitin Ƙwararru kafin ya koma hannun gwamnatin tarayya a 2010, ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga ƙananan asibitocin unguwanni. Ciwo mara tsanani a fara da na kusa. Mai alamun tsanani kuwa a wuce da shi kai tsaye inda ake da oksijin da gado.

INDA KWANAKI KE SALWANTA

To ina jinkirin yake shigowa? Na farko wajen haɗin kemis. A je a ce a ba ni na ɗari biyar, a ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda, da kafso ja da baƙi guda huɗu. Zazzaɓi ya lafa kwana ɗaya, a ce an warke. Mai kemis ba shi da hoton ƙirji, ba shi da oksijin, kuma guntun antibayotik koya wa ƙwayar cuta dabara yake yi. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun a 1945 cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai sa ƙwayoyin su daina jin magani. Yau ga shi muna gani. Mu 'yan kasuwa mun san araha ba ta ado.

Na biyu maganin tari mai sa barci. Tari hanyar da huhu ke fitar da datti ce, kuma irin wannan magani na rage ƙarfin numfashi. Gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018. Kada a ba yaro mai haki wani abin da zai sa shi barci.

Na uku tsaga da ƙaho da sakiya a haƙarƙari, da cire beli ga yaro mai tari, da turara hayaƙi a lulluɓe mara lafiya. Wanzamai mutanenmu ne, muna girmama sana'arsu, amma ciwon nan yana can cikin huhu inda aska ba ta kaiwa. Abin da za a ƙara wa mara lafiya shi ne zubar jini da miki, hayaƙi kuma ya cinye 'yar iskar da ta rage masa.

Na huɗu jiran maigida. Yaro na haki tun hantsi, uwa na kallo tana hawaye, wai sai maigida ya dawo daga kasuwa ko daga tafiya. 'Yan'uwana maza, wannan a hannunmu yake. Kowa ya koma gida yau ya ba iyalinsa izini tun kafin bukata ta taso: in kin ga alamar nan, ki tafi, ki kira ni a hanya. A kuma ajiye mata kuɗin mota a wuri sananne.

Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwamen ajiye azumi ya rama, da taimama in ruwa zai cutar da shi. A yi addu'a, a yi sadaka, amma a yi su ana kan hanyar asibiti.

RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani. Tun 2012 Nijeriya ta shigo da allurar Penta, wadda a cikinta akwai kariya daga ɗaya daga cikin ƙwayoyin limoniya da kuma tarin shiƙa. A watan Disamba na 2014 aka fara allurar PCV ta nimokokas, aka bi jihohi rukuni-rukuni har ta game ƙasa. Ana yin su ne a mako 6 da 10 da 14 na haihuwa, ta ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15, duk kyauta a asibitin gwamnati. Kowane uba ya karɓi katin ɗansa ya duba da idonsa. A shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6. A fitar da murhu waje ko inda iska ke ratsawa, kada a yi girki da goyo a cikin hayaƙi. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wannan ma kaɗai yana kisa. A wanke hannu da sabulu, mai tari ya rufe baki, masu babur da masu zama bakin titi su sa takunkumi in ƙura ta taso. Mai shan taba ya dubi Allah ya dubi 'ya'yansa ya bari. Dattawa da masu sikila da masu suga su tambayi likitansu game da allurar nimokokas ta manya.

ABIN DA KWAMITI KE NEMA

Ranka ya daɗe shugaba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamiti na gabatar da buƙatu huɗu, muna roƙon a yanke hukunci a kansu yau kafin a watse.

Na ɗaya, a buɗe asusun gaggawa dabam da na biki da na rasuwa, a hannun mutum uku amintattu, wanda za a iya fitar da kuɗi daga cikinsa ko da dare don sayen allurar farko da biyan hoto da oksijin. Mai hali ya mayar daga baya, mara hali a yafe masa. Mun saba haɗa kuɗin likkafani cikin sa'a guda. Kamata ya yi kuɗin magani ya riga shi haɗuwa.

Na biyu, a sayi na'urar awon oksijin da ta awon jini, a ajiye a kowace unguwa da mutanenmu suke, a hannun wanda aka koya wa aiki da su.

Na uku, a rubuta sunayen masu mota da masu Keke Napep da suka yarda a tashe su da dare, a liƙa a masallatanmu, ƙungiya ta riƙa biyan kuɗin mai.

Na huɗu, 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya sun amince su zo makarantun Islamiyya na matan aure su koyar da ƙirga numfashi a aikace. Muna roƙon malamai su ba su lokaci, mazaje kuma su bar iyalansu su halarta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya raya mana zuriya, ya ƙara haɗa kanmu, ya zaunar da garin Bauchi da Nijeriya lafiya.